Mai Kashe Wuta Daga Sama

Ƙawata Rakiya, matso kusa ki ji abin da ya sami maƙwabciyata Gunvor, mai aikin wutar lantarki. Da bakinta ta ba ni labarin, ita kuwa ba mai yawan magana ba ce. Ita kaɗai take zaune, ko mage ba ta ajiye ba, abincinta ma a tsaye take ci gaban taga.

Cikin Disamba ne, lokacin da a wannan ƙasa mai sanyi da nake zaune rana kan leƙo kawai ta koma. Ko la'asar ba ta yi ba duhu ya sauka. Aka tura ta gida na ƙarshe a bakin ruwa, inda kwalta ke ƙarewa. Ba ta gamu da mota ko ɗaya ba, sai ƙarar tayoyinta a kan ƙanƙara.

Maigidan wani tsoho ne mai suna Eilif. Da hannu ɗaya ya buɗe mata, ɗayan yana rataye a wuyansa. Ta tuɓe takalma a bakin ƙofa ta shiga da safa. Gidan yana ƙamshin kofi da hayaƙin icce.

Ya ce, "Ke ce aka turo ki sa wa gidana idanu?"

"Makunnin wuta kawai zan sa."

"Haka Ragnhild ta ce. 'Yata ke nan. Tana can birni, so take ta riƙa kiwona ta waya kamar tunkiya."

A matakalar bene ya faɗi, wuta ta mutu yana tsakiyar hawa. 'Yar ta yanke hukunci: a sa makunni irin na zamani, wanda zai riƙa nuna mata a waya cewa an kunna daga ƙasa, an kuma kashe daga sama, ta san ya hau lafiya. In ya sake faɗuwa, gidan tsofaffi za a kai shi.

Gunvor ta duba. Fitila ɗaya ce, makunni biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, tsofaffi masu ƙara in an danna. Aikin ba wuya. Babban makunni a ƙasa, a yanke wayoyin na sama, a manna ƙarami marar waya a madadinsa.

Tsohon ya biyo ta har gindin matakala ya ce, "Na saman nan, kar ki cire shi."

"Ba zai ƙara aiki ba fa."

"Bar shi dai. Borghild, matata, ita ke riga ni hawa. Ni in kunna daga nan, in na kai sama ta ce, ka iso? Sai ta kashe. Wai ni maɓarnaci ne, da za a bar ni sai in haska wa kifayen teku." Ya ɗan yi murmushi. "Hunturun waccan shekara ta rasu. Har yanzu ana kashewa. Sai dai kwanan nan an fara sauri."

"Tsofaffin wayoyi ne, Eilif. Sun girme ni."

"Sun girme ki, amma ba su girme ni ba."

Ta kashe wutar gidan, ta hau da tocila a goshi. Saman ya fi waje sanyi. Ta yanke wayoyin, ta rufe bakinsu, ta mai da tsohon makunnin jikin bango, fanko, don Eilif ya ji daɗi. Ta manna sabon a gefensa, ta sauko ta ɗaura babban, ta mai da wuta.

Saura haɗa su. Yadda ake yi, a danne babban har ƙaramar fitilarsa ta fara ƙyaftawa. Muddin tana ƙyaftawa, to sauraro yake, duk makunnin da aka fara dannawa shi zai karɓa. Don haka masu aikin kan riƙe ƙaramin a hannu, su haɗa su a ƙasa kafin su kai shi sama. Gunvor ta san wannan sarai. Maganar tsohon ce ta ɗauke mata hankali har ta riga ta manna shi.

Ta ce a ranta ai matakala ce kawai. Ta danne babban, ya fara ƙyafta shuɗi. Ta kama hawa.

Tana tsakiya ta ji ƙas, daga sama.

Ba sabon ba ne, sabon ba ya ƙara. Tsohon ne, wanda ta yanke wa wayoyi da hannunta.

Ta waiga ƙasa. Ƙyaftawar ta tsaya. Babban ya karɓi tsohon makunnin.

Wuta ta mutu.

Ta kai hannu goshi, ashe ta ajiye tocilar a kan akwatin kayan aiki. Wani wari ya sauko mata, na rigar ulu da ta daɗe a jiƙe. Katakon saman ya yi ƙara a hankali, irin ta wanda ya sauya ƙafa.

Sai murya, siririya, ta tsohuwa.

"Ka iso?"

Daga ƙasa Eilif ya yi raɗa, "Kar ki amsa. Sauko."

Ya danna. Wuta ta kawo.

A saman matakala akwai mai tsayuwa, sanye da rigar ulu ruwan toka, kai a sunkuye, hannu ɗaya a kan makunni.

Ƙas. Duhu.

Gunvor ta ja baya da ƙafa ɗaya. Safarta tana santsi a kan katakon.

Eilif ya sake kunnawa.

Abin ya sauko kusa. Amma hannun yana can sama a kan makunni, ya miƙe siriri a jikin bango kamar igiyar shanya.

Ƙas.

Numfashi mai sanyi ya taɓa mata goshi.

"Ka iso?"

Wuta ta kawo, ta runtse ido. Ba ta so ta ga fuskar.

Ƙas.

Ƙafarta ta zame. Ta gangaro a kan bayanta, tana buguwa da kowane tudu, har ta faɗo a ƙafafun tsohon. Da rarrafe ta kai akwatin fis, inda ake kashe wutar gidan duka, ta laluba, ta ja babban ƙarfen. Firji ya yi shiru. Gidan duka ya yi shiru. Can sama katako ya yi ƙara, yana nisa, yana nisa, har ya daina.

Eilif ya kunna kyandir a kicin, ya zuba mata kofi.

Ta ce, "Zan goge haɗin nan, in ɓamɓare wancan daga bango. Wannan ba matarka ba ce."

"Na sani. Borghild ba ta taɓa kashewa ban kai ba, ko ranar da muka yi faɗa."

Mu dai, Rakiya, mun san mamaci ba ya dawowa. Amma akwai waɗanda ke zaune tare da mu a gidaje ba mu ganinsu, suna jin muryoyinmu shekara da shekaru har su iya. Allah Ya tsare mu da su.

Gunvor ta miƙe da sukudireba. Ya riƙe mata hannu da hannunsa mai lafiya.

"In kika cire, wa zai tambaye ni?"

"Ragnhild za ta gani a waya."

"Waya ba ta tambaya."

Gunvor ta kalle shi. Ta tuna nata ɗakin, inda take shiga kullum ta kunna wuta, babu mai cewa komai. Ta mai da sukudireba aljihu.

A yammacin nan suka gyara masa shimfiɗa a falo, a kan doguwar kujera kusa da murhu. Ta sa ya yi mata alkawari ba zai ƙara taka matakalar ba. Kayan sawarsa ma a sama aka bar su, ita ta sayo masa wasu.

Yanzu duk Lahadi Gunvor tana tuƙa mota zuwa ƙarshen kwalta da burodi mai ɗumi, ta zauna su ci tare. Ta ce mini ta daina cin abinci a tsaye. Ta kuma ce duk yamma tsohon yakan je gindin matakala ya kunna, ya tsaya hannunsa a kan bango, yana jira. Ba a daɗewa sai a tambaye shi daga sama. Ba ya amsawa. Sai a kashe.

Ragnhild kuwa hankalinta ya kwanta. Kullum wayarta tana nuna mata an kunna daga ƙasa, an kashe daga sama. Har furanni ta aiko wa Gunvor, tana godiya da babanta yake hawa lafiya.

Don Allah, ƙawata, maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. In ta kai kunnen 'yar, a ranar za su zo su ɗauke shi.