Baƙin Zare a Gefen Harafi

Da safiyar ranar gasa, a zauren ƙungiyar masu haɗa 'yan ƙananan motocin wasa ta Lome, Tonton Agbeko ya ɗaga murfin motarsa ya tarar babu inji. Injin bai fi babban yatsa ba, amma shekara biyu yana aikinsa, kuma da azahar alƙalai za su zauna.

Sajan Dzifa ta iso ranta a ɓace. Ga ɓarayin babura sun addabi gari, ita an turo ta wurin dattawa masu furfura suna jimamin kayan wasa.

"Tonton, yaya zan gane injin?"

"Baƙi ne, 'yata, da haruffa masu tudu a murfinsa. Ruwan azurfa nake fara shafawa, in bi da baƙi, in goge saman haruffan da tsumma har azurfar ta fito."

Mutum uku ke da irin injin a zauren, amma nasu duk jajaye ne. Ta fara da Elikplim.

"Da bakin burushi nake bin harafi," in ji shi.

Ta duba da gilashin ƙara girma. Fenti ya zuba ta ko'ina, kamar kaza ta taka. Wannan ko kyauta aka ba Agbeko ba zai karɓa ba.

Sename ya ce shi a kan robar goge fensir yake shafa fenti, ya danna murfin a kai. Ya ɗauko tarihin robar tun daga kantin da ya saye ta, har sai da Dzifa ta ce, "Don Allah ya isa." Harafinsa na ƙarshe bai ma kama ba.

Saura Mawuko, aminin Agbeko, wanda kullum na biyu yake zuwa. Haruffansa tas.

"Burushi ne, ranki ya daɗe. Azurfa a kan ja," in ji shi.

"In a kan ja ka shafa, wannan baƙin zaren da ya zagaye kowane harafi daga ina?"

Dzifa ta ɗaga injin, ta ci gaba:

"Ja ka fesa a kan baƙin Tonton. Ka ga hannunka ba zai iya haruffan ba, sai ka goge da tsumma. Ja ya tafi daga saman haruffan, azurfarsa ta fito, baƙin da ya rage a gefen kuma ya tona maka asiri."

"Sau ɗaya kawai nake so in zo na ɗaya," in ji Mawuko, kansa a ƙasa.

Dzifa ta miƙa wa Agbeko injin, tana zaton zai yi murna ta kama gabanta. Sai ya tsaya yana juya shi, idonsa ya cika da hawaye. Jan ya bushe, ba zai fita kafin azahar ba.

"Mawuko, da ka tambaya ai da na koya maka," ya ce. Ya rufe murfin motar, ya je ya cire sunansa daga gasar.