Abin da Zailani ya ɗauko a kufan Kwarin Bagayi

Balaraba, Tasi'u, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Maganar ƙaninku Zailani ce, kuma ba zan maimaita ba.

Kun san shekara goma sha biyu yana koyar da aikin fim a jami'a. Kullum huɗubarsa ga ɗalibai ɗaya ce: kada a ɗauki mutum sai da yardarsa. Har takarda yake yawo da ita ana dangwala masa yatsa. To bana ruwan dam ya ja baya, kufan garinmu Kwarin Bagayi ya fito fili. Ya ce zai yi fim a kan tashin da aka yi mana saboda dam ɗin, da shi zai nemi farfesa.

Na ce masa ba a shiga kufai sai da sallama, kuma ba a shiga mutum ɗaya. Ya ce, "Inna, bincike ne." Ya tafi da tsakar rana, daga shi sai kyamara.

Da ya isa, ba tsuntsu, ba iska. Ƙasa ta tsattsage. A inda masallaci yake da, ya tarar da wata tsohuwa zaune kan kututture. Zanenta sharkaf. Ruwa na ɗiga daga ƙafafunta, amma ƙasar ba ta jiƙa.

"Jikan Maikaho ne?" ta ce. Muryar kamar daga cikin tulu.

"Ni ne, Iya. Tarihin garin nake nema."

"Zauna. Ka ji da kunne, na yarda. Wannan abin da ke hannunka ban yarda ba."

"An gama, Iya."

Ya ajiye kyamarar a cinya. Ya ga tsohuwa ce, ina ta san abin zamani? Ya danna, ya ɗora babban yatsa a kan jar fitilar.

Ta fara. Gida gida, zaure zaure. Wanda aka binne a gindin tsamiya. Waɗanda suka ƙi hawa motar kwasa. Wanda ya sa hannu aka ba da garin. Abin da ya yi shekaru yana nema a takardu bai samu ba. Bai ɗaga yatsan ba.

Da ta gama sai ta dubi cinyarsa.

"Ka ƙoshi?"

Ya rungumi kyamarar ya miƙe.

"Je ka. Duk sunan da ka fitar, za mu karɓi ɗaya a wajenka."

Bai san yadda ya isa mota ba. Da ya kunna a ofis, kututture ne kawai a hoton. Ba kowa a kai. Muryar ce dai tar, ba abin da ya ɓace.

Mai hankali da a nan ya goge. Shi kuwa ya zauna yana yankawa yana haɗawa. Satin farko ya manta sunan direban sashensu, ya ce gajiya ce. Na biyu ya tsaya gaban aji, sunan malamin da ya koyar da shi ya ƙi zuwa. Shekaranjiya 'yarsa Hafsatu ta rugo ta rungume shi. Ya buɗe baki. Ya juya wajen matarsa, a hankali ya ce, "Yaya muke kiranta?"

Na kira shi jiya. Na ce ya koma ya yi sallama, ya goge abin a gabansu, ya ba da haƙuri. Sai ya hau yi mini lacca, wai in ya goge tarihin mutane ɗari uku ya tafi har abada. Na ce tarihin da mai shi ta hana ka? Sata ce, ko da digiri aka yi ta.

Ranar Alhamis zai nuna wa manyansa fim ɗin. Sunaye ɗari uku, a ɗaki ɗaya, a zama ɗaya. Ku faɗa mini, nawa suka rage masa a ka?

Ni na yi magana har muryata ta dishe. Tasi'u, kai ne babba. Ku same shi gobe ku biyun, ku kashe wannan magana kafin Alhamis. In ya yarda zai koma, ku raka shi har kututturen, kada ku bar shi ya taka wajen shi kaɗai.