Hoton Gwiwar Isufu

Wayyo, maraici! Wata uku cur Isufu, gwanin kokawar Gidan Amumune, yana zaune a zaure da gwiwa kumbure, ba mai leƙo shi sai matarsa Rabi'atu. Ranar da ake tace 'yan kokawar da za su wakilci Mayahi ne ƙafarsa ta murɗe, ya ji ƙas a ciki, ya dafa ƙasa. Baffansa Na Allah, ƙanen marigayi ubansa kuma shugaban 'yan kokawar garin, shi ya kai shi Tasawa aka ɗauki hoton ƙashi. Da suka dawo ya ɗaga hoton a bainar jama'a.

"Ku duba! Ƙashi lafiya lau, likita ma ya rubuta a takarda. Tsoro ne ya kama yaron nan, ya kwanta da gangan!"

Nan take ya sa ɗansa Salisu a gurbin Isufu. Makaɗa suka fito da sabon kiɗa, suna kiran Isufu Mai Gwiwar Ƙarya... Yana ji daga zaure, hawaye na zuba. "Rabi, wallahi in na taka sai in ji ƙafar ta zame mini," in ji shi. "Allah kaɗai ne shaidata."

Rabi'atu ba ta yi lakkwal ba, wato makarantar boko, amma ba ta da wauta. Ta zaro takardar likitan daga ƙarƙashin katifa, ta kai wa Mushe Ishaƙu, wato malamin da ke koyar da yara. Ya karanta faransancin, ya cire tabarau.

"Baiwar Allah, wa ya karanta muku wannan? Rabin zancen aka faɗa muku! An ce ƙashi lafiya, amma wannan hoto ba ya ganin jijiya da nama. A je Yamai a yi wanda ake kira IRM."

Ashe Baffa ya ji komai daga bakin likita, ya haɗiye!

Ta sayar da akuyarta, suka hau mota. A asibiti aka ce Isufu ya tuɓe duk abin da ke da ƙarfe, har gurun da ya gada wurin ubansa. Ya riƙe shi gam. "Kawo nan, sarkin tsoro," in ji Rabi'atu tana dariya, "na'urar ba kokawa za ta yi da kai ba!" Aka tura shi cikin wani farin kogo, aka ce kada ya motsa. Abin ya dinga ƙwanƙwasa kamar gangar filin kokawa, har ya ce kirari kaɗai ya rage.

Likita ta nuna musu sabon hoton da alƙalami. "Ga jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwa, ta tsinke biyu. Da wannan kake takawa wata uku? Kai jarumi ne." Isufu ya fashe da kuka, wannan karon na daɗi. Alhamdu lillahi! Aka yi aiki aka gyara, ya shekara yana motsa ƙafar yadda aka umurce shi.

Ranar kasuwa Rabi'atu ta shiga tsakiyar dattawan kokawa, ta ɗaga sabon hoton ga rana, Mushe Ishaƙu ya karanta takardu biyun, ta Tasawa da ta Yamai, daga farko har ƙarshe. Na Allah ya sunkuyar da kai. A wurin aka tuɓe shi daga shugabanci, Salisu da kansa ya durƙusa ya roƙi gafarar ɗan'uwansa.

Da kaka ta zagayo, Isufu ya shiga fili ɗaure da gurun ubansa, ya kayar da mutum uku a jere! Babban makaɗin ya matso. "Gwani, mu binne wancan kiɗan ko?"

"A'a, ku buga shi," in ji Isufu, yana kallon Rabi'atu da ke rangaɗa guɗa. "Kalma ɗaya za ku sake."

Suka ɗauka, fili ya amsa: Mai Gwiwar Gaskiya!