Yatsan Osla a Goshin Maza

Ranar da Rasmie ya fara taka shagon Osla, iska ce ta banko shi ciki. Ya tsaya yana ɗigar ruwa, gemunsa ya jiƙe sharkaf, hannunsa ɗaya a cikin kwat yana rungume da wani abu.

Osla tana durƙushe a gindin wani kwalekwale tana liƙe masa ciki. Tun da mahaifinta ya rasu ya bar mata shagon gyaran jirage, ita kaɗai take zaune a ƙarshen gaɓa, daga ita sai rediyo sai kukan tsuntsayen teku. Mai fasasshen jirgi ne kawai yake tuna tana raye. Haka mutanen ƙauyen nan na tsibirin Shetland suke, kuma ba zan rufa musu asiri ba.

"Rufe min ƙofa, malam, ba tekun nake ɗumamawa ba," ta ce.

Ya rufe. Ya leƙa taga, sannan ya zaro abin ya ɗora a kan tebur. Kwalkwali ne irin na mayaƙan dā, amma duk jikinsa huda-huda kamar burodin da ya sha yis.

Ta ja da baya. A bana uban Rasmie, tsoho Lowrie, shi ne sarkin bikin wuta da ake yi a tsakiyar sanyi, matsayin da mutum yake samu sau ɗaya a rayuwa. Shi da mazajensa za su fito cikin shigar kakanninmu masu jiragen yaƙi, kuma doka ce tun fil azal: in ba gidan masu shigar ba, ba wanda zai ga kayan sai safiyar biki.

"Ka haukace? Ɗauke abin nan, ban gani ba."

"Kin riga kin gani. Don Allah ki taimake ni. Ni aka ɗora wa yin kwalkwalan, duk wanda na zuba sai ya yi kumfa. Na rasa wanda zan faɗa wa."

Ta juya shi a hannu, ta shinshina.

"Ina kake aikin?"

"A garken tumakinmu."

Dariya ta ƙwace mata, har ta yi mamakin jin muryarta. "Rezin, ruwan nan da kake zubawa ya daskare, ba ya shiri da laima, kai kuma ka kai shi inda bango yake zufa. Sannu, Sarkin Kumfa."

Ya sosa gemu yana murmushi. Sai a lokacin ta dube shi sosai, ta yi saurin kawar da kai.

Mazubin robar da yake zuba rezin a ciki ma ya yage, dole a sake sabo. Washegari ya kawo asalin kwalkwalin da ya gina da yumɓu, a naɗe cikin bargo kamar jariri. A hanya gefen goshin ya ɗan loɓa. Osla ta sa babban yatsanta ta danna wurin ya koma daidai, ba wanda ya ƙara bi ta kai.

Suka shafe yumɓun da ruwan roba, shafi bayan shafi, kowanne sai ya kama kafin a ƙara wani. Suka yi masa riga da filasta, ɓari biyu. Ta nuna masa yadda ake ɗumama mazubi kusa da murhu kafin zubi. In an zuba rezin a ciki kuwa, sai a yi ta juya mazubin a hannu don ruwan ya bi ko'ina kafin ya daskare, ga shi da nauyi, mutum ɗaya ba ya iyawa. Ita ta kama gefe, shi ya kama gefe, suna juyawa a hankali, goshinsu na neman haɗuwa.

"Kalli aikinka, ka daina kallona."

"Ai aikin nake kallo, Gwanata."

"Gemunka zai shiga ciki, mu zubo kwalkwali mai gashi."

Da suka ɓare robar, kwalkwalin ya fito sumul, ko huda ɗaya babu. Rasmie ya kifa mata shi a ka, ya rufe mata har hanci. Tana lalube tana zaginsa, yana dariya.

Daga nan kullum da yamma yana zuwa. Ta sayi kofi na biyu. Ta fara dafa miyar dankali da busasshen naman tunkiya mai yawa, ita da a dā burodi take ci a tsaye. In ya tafi, sai waya ta yi ƙara, saƙonsa ya shigo:

"Na iso gida, amma hannuna har yanzu juya mazubi yake. Na rasa mai kama min ɗaya gefen."

Ta amsa: "Kwanta, Sarkin Kumfa. Gobe ka zo da itace, ba daɗin baki ba."

Ya zo da duka biyun. Kafin a gama zubi ya ce mata in biki ya wuce zai faɗa wa iyayensa maganarsu. Ita dai ta ƙara masa miya.

To, akwai Vaila, 'yar aminin Lowrie, wadda tsohon ya daɗe yana yi wa ɗansa sha'awa. Ubanta yana cikin masu shiga, don haka tana cikin matan da ke ɗinkin alkyabba da goge kaya. Ranar da ake shafa wa kwalkwalan garin ƙarfe don su yi ƙyalli, ta ga wani abu ya fito a gefen goshi. Ta ɗauki na biyu, yana nan. Na uku ma haka. Shatin babban yatsa ne ƙarami, da tabo ya ratsa shi. Roba ta kwashe shi daga yumɓu, ta raba wa kowane kwalkwali.

Vaila benci ɗaya suka zauna da Osla a makaranta, ta san ranar da ƙugiyar kifi ta tsaga wannan yatsan. Ba ta ja Rasmie gefe ba. A gaban kowa ta ɗaga kwalkwalin.

"Baba Lowrie, yaushe Osla ta shiga cikinmu ba mu ji ba?"

Aka ce tsohon ya fusata matuƙa. Ya juya kan ɗansa. "Yaya aka yi hannun bare ya taɓa kayana?"

Rasmie ya dubi ubansa, ya dubi mazajen da suka zuba masa ido. Ya ce, "Ban sani ba."

Abin da ya faɗa ke nan, ba zan gyara masa ba.

Tunda shi bai sani ba, sai gari ya sanar da kansa. Aka ce ta taga ta shiga garke. Aka ce leƙen asiri ta je yi don ta sa a waya. Aka ce dama 'yar da ke zaune ita kaɗai ba a rasa ta da wani hali. Ƙarya ce tsagwaronta! Yarinyar da ko bikin ba ta zuwa tun rasuwar ubanta, me za ta yi da asirinku?

Osla a kanti ta ji. Tana shiga aka yi tsit, mai kanti ta tura mata madara ba ta ko ɗago ba. A bakin ƙofa wata ta ce, yadda za ta ji, "A riƙa kulle tagogi."

Saƙonsa ya same ta a hanya.

"Gwanata, ki yafe min. Tsoro ne ya kama ni. Na ɗauka in na yi shiru abin zai mutu. Ki bari biki ya wuce, zan gyara komai."

Ta tsaya cikin yayyafi ta rubuta: "Ka ce ba ka sani ba. To, ka ci gaba da rashin sani. Kada ka zo."

Ya zo. Ba ta buɗe ba. Tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙofa, tana jin numfashinsa ta ɗaya gefen, har ya gaji ya tafi.

Lowrie ya sa aka bi kwalkwalan da samfefa aka kankare yatsan, kuma ya tilasta wa Rasmie ya yi da hannunsa. Ya ce masa, "In kana so ka tsaya a damana ranar biki, ka manta da hanyar gaɓa."

Kwanakin nan rana ba ta daɗewa a sama, tana leƙowa take komawa. Osla ta mayar da kofi na biyu cikin kwali. Ba mai kawo jirgi. Ta kankare filastar da ta zuba a ƙasa, ta wanke bokitai, ta sake wanke su. Wani lokaci sai ta kama kanta tana magana da rediyo. Abin da ya fi ci mata rai ba zagin ba ne. Kafin ya zo ta saba da shirun shagon, yanzu shirun ya zame mata baƙo.

Safiyar biki ta ji ganguna da algaitar jaka daga nesa. Ta ƙara muryar rediyo, ta ɗauki samfefa ta hau goge kwalekwalen da ba ya bukatar guga.

Aka ƙwanƙwasa.

"Osla, ni ne. Ba sai kin buɗe ba, ki dai leƙo."

Ta leƙa ta taga. Yana tsaye cikin tsohuwar rigar sanyinsa ta kamun kifi, ba alkyabba, ba gatari, kansa a buɗe.

Ta buɗe. "Ina kayanka?"

"Na tuɓe. Da aka jeru a gaban jama'a na fito na faɗa musu. Na ce ni na kai miki, ni na roƙe ki, ba ki taɓa taka garkenmu ba. Na ce abin da ke kansu duk aikinki ne. Na ajiye nawa a gaban Baba."

"A ranarsa? Rasmie, tun kana goye yake jiran ranar nan."

"Na sani. Da na faɗa tun farko da ban ɓata masa ita ba. Ban zo don ki karɓe ni ba. Na zo ne ki ji daga bakina."

Sai ta lura gangunan sun yi shiru. Can sai ga su a kan hanyar gaɓa, mazaje cikin ƙyalli, gari duka a bayansu. Suka tsaya daga nesa. Mutum ɗaya ya taho.

Kwalkwalin sarki daban yake, da fukafukan hankaka biyu a miƙe. Lowrie ya zo zai shiga da ƙarfinsa, fukafukan suka tokare ƙofa. Ya karkata, suka sake tokarewa. Wani a cikin taron ya tuntsire da dariya. Dole tsohon ya cire shi, ya sunkuya, ya shigo da sanƙonsa a waje.

"Na zo ɗaukar ɗana."

"Ga shi nan, Baba, ban ɗaure shi ba."

"Ya ce ba zai taka ba sai da ke."

"Ni kuma ba inda za ni a matsayin mai haura taga."

Lowrie ya dubi murhu, ya dubi ɓarin filasta da ke jingine a bango, ya dubi kwalkwalin da ke hannunsa.

"Doka dai an karya ta," ya ce.

"An karya. Ɗanka ya kawo, ni na karɓa. Wannan na yarda, a hukunta mu a kai. Amma sata ban yi ba. A gaban mutane aka ɓata ni, Baba, a gabansu nake so a wanke ni."

Gunaguni ya yi, ya ce taurin kanta na ubanta ne sak. Sannan ya fita ya tsaya a bakin ƙofa, iska na kaɗa alkyabbarsa, ya ɗaga murya.

"Yarinyar nan ba ta shiga garkena ba! Na zarge ta, ban bincika ba. Doka ta ce sai 'yan gida ke ganin kaya. To, ku shaida, daga yau 'yar gida ce, in ta yarda da wannan sakaran."

Rasmie ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Kin yarda da sakaran?"

"Ka sake cewa ba ka san ni ba, da kai zan liƙe jirgi."

"Na ji, Gwanata."

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauko kwat ɗinta.

Da rani aka ɗaura auren, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa. Mai goge yana gaba, ango da amarya na biye, aka tako daga coci har ɗakin taro. Lowrie ne ya riƙo hannunta a madadin ubanta, kuma shi ya fara rawa da ita, yana taka mata ƙafa tana yi masa tsiya. Vaila ta zo tun kafin ranar ta ba da haƙuri, na yaba mata. Amma mai kanti da masu maganar taga, sun ci naman biki sun yi rawa, har yau ba wadda ta buɗe baki ta ce ta yi kuskure. Osla ta ce ta yafe. Ni ina nan ina jira, kuma sun san kansu.

Su kuwa Allah ya ba su zaman lafiya, ya tsare musu jirgi a teku, ya cika gidan da 'ya'ya masu hayaniya, har maƙwabta su kawo ƙara.