Jan Fenti a Katangar Gwaggo Hure

Sakinatu ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ke nan ta gan shi.

Badaru ne tsaye a gaban katangarsu, gwangwanin jan fenti a hannunsa. Saurayin da aka sa musu rana bayan kaka. Ya riga ya zana ƙaton gicciye, yana ƙarasa rubuta "A TASHI" a ƙarƙashinsa, mutanen unguwa sun yi cirko-cirko suna kallo.

"Yaya Badaru... mene ne wannan?"

Bai juyo ba.

"Aiki aka turo ni, Sakina. Ki koma ciki don Allah."

"Katangar gidanmu ce fa."

"Na sani."

Daga bakin shagonsa Lawan mai siminti ya yi wata 'yar dariya. Shi ne wanda ya yi ta naci a kanta bara, ta ce masa ya yi haƙuri. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma zaure, ji take kamar a tsakiyar kasuwa aka kwance mata zani.

Gidan na Gwaggo Hure ne, yayar mahaifinta da ta riƙe ta tun tana goye, a Unguwar Rimaye, can gefen Bici inda gidaje ke haɗuwa da gonakin gero. Tsohuwar ungozoma ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. A shekarun da kwanon masara ya gagari talaka, maza suka riƙa dawowa gida hannu rabbana da zuciya a wuya, mata suka fara ƙwanƙwasa mata ƙofa. Wata da kumburarren ido, wata da jariri a baya babu ko takalmi. Gwaggo ba ta iya cewa a'a. Ta gyara ɗakunan baya, ta ce duk wadda aka daka ta zauna har danginta su zo a yi magana.

Sakinatu na dafa musu abinci, tana gasa musu jiki, amma a waje kunyar gidan take ji. Duk sanda Badaru ya zo zance ya ji kukan yara, sai ta ce baƙi ne daga ƙauye, 'yan uwan Gwaggo.

Bayan la'asar Badaru ya dawo. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure ta zauna nesa.

"Ƙorafi aka kai ofishinmu na filaye," ya ce. "Filayen unguwar nan don gidajen zama aka yanka su. Duk wanda zai tara mutanen da ba iyalinsa ba, sai da izinin ƙaramar hukuma da yardar maƙwabta. Gwaggo ba ta da ko ɗaya."

"Wa ya kai ƙarar?"

"Lawan ne ya bi gida-gida." Ya kawar da kai. "Baba ne ya fara sa hannu."

Alhaji Dabo ke nan, mahaifinsa, wanda gidansa ke bayan nasu.

"Ya ce ba zai ɗauko suruka daga gidan da ake ɓoye matan mutane ba. Sakina, 'yan uwa kika ce min."

Ta sunkuyar da kai.

"Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. A bakin Lawan na ji gaskiya, a gaban abokan aikina."

"Kunya na ji..."

"Kunyar me?"

"Kada ka ɗauke ni yadda mutane ke ɗaukar su."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Jibi zan zo duba ɗakunan in rubuta rahoto. Ki gaya wa Gwaggo."

Ko sallama bai yi mata da sunan soyayyar da ya saba kiranta da shi ba.

Akwai abin da ba ta faɗa masa ba, kuma ba ta da ikon faɗa. A ɗakin ƙarshe, kusa da rumbu, akwai matar da ta zo makon jiya da karyayyen hannu, ta sa su rantse kada kowa ya ji sunanta.

Ranar da ya zo, Gwaggo ce ta tare shi a tsakar gida tana jan carbi.

"Shigo ɗan nan. Aikinka ne, ba mu riƙe ka a zuciya ba."

Matan suka ja lulluɓi suka juya baya. Ya bi ɗakunan yana leƙawa kansa a ƙasa, Sakinatu na biye da shi. Da ya nufi na ƙarshe ta sha gabansa.

"Wannan ka bar shi."

"Dole in gani."

"Don girman Allah, Yaya Badaru."

Daga ciki wata murya ta ce a hankali, "Ƙyale shi, Sakina. Shigo, Badaru."

Ya tsaya cak. Muryar wadda ta yi masa wasa yana goye a bayanta ce.

Zulaihatu, yayarsa da ke aure a Zakirai, na zaune bakin katifa. An ɗaure hannunta na dama da karan ɗori, gefen fuskarta ya yi baƙi, leɓenta a fashe.

"Yaya..." Ya durƙusa a gabanta. "Wa ya yi miki haka?"

"Ka san ko wane ne."

"Me ya sa ba ki zo gida ba? Ga gida nan, katanga ɗaya."

"Na zo, ba sau ɗaya ba. Kullum Baba sai ya ce in yi haƙuri, rayuwa ce ta yi tsada, kowane namiji a ƙufule yake. Kai ma ka taɓa kai ni tasha a babur ɗinka, ka manta? Ka ce in gaishe shi."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Sakinatu ba ta taɓa ganin namiji na kuka haka ba, babu sauti, sai kafaɗu ke rawa. Ta juya ta ba su baya.

"Kada ka gaya wa Baba," Zulaihatu ta ce. "Ba na son a nuna shi da baki a masallaci."

Da ya fito, ya kasa haɗa ido da kowa. A zaure ya tsaya.

"Ke kike ba ta abinci?"

"Ni nake yi mata wanka ma. Ba ta iya ɗaga hannun."

"Ni kuwa na zo na shafa mata jan fenti a bango."

"Ba ka sani ba."

"Ko da ba ita ba ce, Sakina, ai sauran ma yayyen wasu ne."

Maganar ta soke ta ita ma, don ta daɗe tana zuba musu tuwo da hannu ɗaya tana ɓoye su da ɗayan.

An yi zaman sauraron ƙarar a ƙofar gidan mai unguwa, da hantsi, da wakilin ƙaramar hukuma. Maza a kan tabarmi, Gwaggo da Sakinatu a gefe. Lawan ya fara magana, ya ce gidan ya zama matattarar matan da suka fi ƙarfin mazajensu, gobe 'ya'yan unguwa za su koya.

Sakinatu ba ta san sanda ta buɗe baki ba.

"Ranka ya daɗe, a gidan nake. Ni nake wanke musu ciwo. Da ina ɓoyewa, ina cewa baƙi ne, don kada a raina ni. Yau ina faɗa a gaban kowa, babu 'yar iska a cikinsu. Duka ne ya kawo su."

Alhaji Dabo ya gyara zaman babbar rigarsa, ko kallonta bai yi ba.

"Yarinya, 'yar mutunci ba ta kwana a gidan da ba na mijinta ba. Ni ma ina da 'ya. Ta sha kawo ƙara ina mayar da ita, ga ta can a ɗakinta lafiya lau."

Badaru ya runtse ido.

Babu wanda ya lura da matar da ta biyo bayan Gwaggo ta tsaya jikin dalbejiya, sai da ta ratso tabarmin. Ta durƙusa a gaban Alhaji Dabo, ta janye lulluɓinta da hannun hagu.

"Baba, ina kwana."

Idanun mutane suka koma kanta.

Alhaji ya dubi fuskar, ya dubi hannun. Carbinsa ya zame ya faɗi a tabarma. Ya tashi da ƙyar, ya kama hannunta mai lafiya.

"Taso mu je gida, uwata."

Ya wuce da ita ta tsakiyar mutane, kansa a sunkuye. Lawan ya sulale tun kafin a shafa fatiha.

Sai dai doka ba ta canza ba. Alhaji ya aiko a cire sunansa daga takardar ƙorafin, amma sauran maƙwabta suka ƙi, wasu na tsoron ranar da wani miji zai zo da adda. Wakilin hukuma ya ce ba shi da yadda zai yi, an ba Gwaggo zuwa ƙarshen damina ta sallami matan.

Kwana da kwanaki Badaru bai zo ba. Sakinatu ta rame, ta fara haɗa kayan sa rana a zuciyarta don a mayar. Ran nan da yamma tana tankaɗe aka ce ana sallama.

Badaru ne, ya rame shi ma.

"Na kasa zuwa ne, ban san da wane ido zan kalle ki ba."

"Ni ma ƙaryar da na yi maka ta hana ni barci. Ka yafe min."

"Na yafe tun a ƙofar mai unguwa, masoyiyata. Magana na zo da ita, in kin ƙi ba zan ga laifinki ba. Kin san ginin da nake yi mana a bakin titi, kusa da asibitin sha-ka-tafi?"

Ta gyaɗa kai. Ɗaki biyu da falo, ita ta zaɓi inda za a sa taga.

"Layin nan ba na gidajen zama kaɗai ba ne, doka ta yarda a yi wurin taimakon jama'a. Na tambaya, za a ba da izini. Ga asibiti kusa, ga 'yan sintiri. Ina so in ba Gwaggo ta mayar da su can."

"Mu kuma fa?"

"Shi ne abin kunyar. Ba ni da inda zan kai ki. Na riga na tuntuɓi Gwaggo, ta ce mu zauna a nan, a ɗakunan baya. Amarya a gidan da ta tashi, ango a gidan surukai... za a yi mana dariya, Sakina."

Hawaye suka zubo mata, tana murmushi.

"A yi mana. Na gaji da ɓuya."

"Kin tabbata, hasken idona?"

"Da kai ko a rumbu ne."

Aka cire gero, aka ɗaura aure ranar wata Asabar. Kafin nan Alhaji Dabo da kansa ya raka Zulaihatu gaban alƙali aka raba auren. An yi dariyar kuwa, har waƙa 'yan mata suka yi wa angon da ya tare a gidan amarya. Sakinatu ta ji, ta ɗaga kanta ta wuce.

Ranar da matan za su koma sabon wurin, ɗaki ɗaya babu rufi, kuɗin Badaru sun ƙare a biki. Suna tsaye shi da Sakinatu da Gwaggo suna shawarar a rufa da zana, sai ga amalanken shanu ya tsaya, an lodo kwanon rufi da katako. Alhaji Dabo na biye a ƙafa, takalmansa duk ƙura.

Ya tsaya nesa kaɗan. Ya kasa duban Gwaggo.

"Hure, ina za a sauke?"

"Nan gefen rijiya, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

"Ni ne da godiya," ya ce, murya can ƙasa. Sannan ya juyo wajen Sakinatu, karo na farko tun da aka fara maganar aurenta. "'Yata, a samo min ruwa in sha."

Ta ruga ta ɗebo a kwanon sha, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya shanye tas, ya sa mata albarka, ya naɗe hannun riga ya kama kwanon rufi ta gefe ɗaya. Badaru ya kama ɗaya gefen.