Falle Biyu, Suna Ɗaya

Tun da gari ya waye Auta take kaiwa da komowa tsakanin falo da ƙofar ɗaki, waya a hannu, shayin da ta haɗa har ya huce ba ta ko kurɓa ba. Mai dutse ne ya kira ta da sassafe ya jagula mata lissafi.

"Hajiya, falle biyu ne a nan aka rubuta musu sunan maigidanki da alli, baƙi da fari. Wanne za mu yanka? Kin dai san in inji ya shiga jikin dutse ba a mayarwa."

Falle biyu! Ita dai ɗaya ta sani. Sabon kicin ɗinsu an gama komai, saura dutsen da za a shimfiɗa a saman kantar girki. Da ƙafarta ta je ta zaɓi baƙin giranait mai ɗigo-ɗigon zinariya, mijinta yana tsaye ya ce "To," aka rubuta suna. To farin daga ina ya ɓullo?

Ga mijin nan ya fito yana ɗaura agogo, yana 'yar waƙarsa. Yallaɓai take kiransa, in ana shiri da tsokana, in ba a shiri kuwa da gatse. Yau na gatsen ne.

"Yallaɓai, wa ya zaɓi farin dutse?"

Waƙar ta maƙale. Ya shiga sosa ƙeya.

"Am... ai da ma ina so in miki bayani. Umma ce ta ce in kai ta ta gani, shi ne ta..."

"Shi ne ka ce mata to! Ni ma ka ce mini to! Haba, Yallaɓai, to ɗinka guda nawa ne?"

"Filis, Auta, rage murya. Na ɗauka kafin ranar yanka ɗayarku za ta sauko."

Halinsa ke nan fa. Mutum ne mai kirki har ya yi yawa, bai iya ɓata wa kowa ba, sai ya bar mutane su ɓata wa juna. Auta tana son sa kamar ranta, kuma wannan son ne ya sa abin ya fi yi mata ciwo.

"Ba mai saukowa."

Umma ce a bakin ƙofa, baƙin carbinta a hannu. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan ɗanta da zama. Mace ce da ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa ɗalibai abinci a makarantar kwana, har yau in ta yi magana sai ka ji kamar da ludayi a hannunta.

"Fari za a sa. Ba zan shiga kicin mai duhu kamar rami ba."

"Umma, ki yi haƙuri, baƙin ne ya shiga da kalar durowowin. Dizayin ɗin gaba ɗaya..."

"Dizayin! Ana girki da dizayin ne? Na ce fari!"

Auta ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi takalminsa. Nan take hawaye ya ɓalle mata. Labulen falo Umma ta sa an canza zuwa fari, ta yi shiru. Farantan da ta zo da su masu ruwan ƙasa an tura su can ƙasan kabad, ta yi shiru. Yanzu kuma kicin, wurin da ta kwana ta tashi da shi a rai tun ana aza bulo?

"Wallahi in aka yanka farin nan, gidanmu zan tafi. Sai ka zauna da wadda kicin ɗin yake nata!"

Ta faɗa ne cikin kuka, amma har zuciyarta haka take nufi. Yallaɓai ya rasa inda zai sa kansa, can dai ya ce su shiga mota dukansu, a je gaban dutsen a ƙare magana.

A hanya Auta sai murɗa bakin mayafi take, tana saki tana sake murɗawa.

Wurin mai dutse fili ne babba, fallayen dutse jingine a kan ƙarafa layi-layi, inji yana ƙara daga can ciki, ruwa mai farin gari yana gangarowa ta ƙarƙashin ƙafa. An riga an kwantar da fallayen biyu a kan benci, gefe da gefe. Mai dutse ya ɗebo ruwa ya watsa musu don kalar ta fito sosai. Baƙin ya ɗauki sheƙi, ɗigon zinariyar suka taso. Auta ta ce a ranta, kai, dutsen nan ya haɗu! Farin kuwa yana nan fayau, da wasu jijiyoyi masu ruwan toka.

"To, wanne?" in ji mai dutse. "Inji yana jira."

Iska ta zame wa Umma mayafi, ta ajiye carbinta a kan baƙin dutsen don ta gyara da hannu biyu. Da ta gama sai ta miƙa hannu ta ɗauka.

Hannun ya sauka a inda babu komai.

Auta na kallo. Carbin yana nan kusa, bai fi taƙi ɗaya da yatsun Umma ba, amma idanunta suka bi ta kansa suka wuce. Ta sake lalubawa ta ɗaya gefen. Sai ta shiga shafa dutsen a hankali kamar mai duba santsinsa, fuskarta a ɗaure.

Nan take Auta ta gane. Ta tuna yadda Umma take kunna fitila da rana tsaka, da yadda ta daina ɗinke maɓallin rigar ɗanta da kanta, da yankewar da ta yi a yatsa kwanaki ta ce wai wuƙar ce ta cika kaifi. Ashe labulen da farantan duk ba neman faɗa ba ne. Ita kuma tana ta ƙullatar tsohuwa a rai!

Ta matsa kamar za ta duba gefen dutsen, ta tura carbin da bayan hannu har ya taɓa yatsun Umma. Umma ta damƙe shi, ba ta ɗago ba.

Auta ta ƙara kallon baƙin sau ɗaya. Har ga Allah tana son sa, rabuwa da shi sai da ya yi mata zafi.

"Mai dutse, yanka farin. Goge sunan da ke kan wannan."

"Auta!" Yallaɓai ya zaro ido. "Kin tabbata? Ba fushi ba ne?"

"Na fasa ne kawai. Baƙin zai riƙa nuna ƙura."

Da ya bi mai dutse ciki don a daidaita awon ramin sinki, su biyu suka koma mota. Can Umma ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kin gani ko?"

"Na gani, Umma."

"Kuma ba ki faɗa ba."

"Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Sai ga hawaye a fuskar matar da Auta ba ta taɓa ganin ta yi kuka ba, ko ranar rasuwa.

"In na ajiye wuƙa a kan abu mai duhu sai ta ɓace mini, 'yar nan. Tsoro nake in ya sani ya hana ni shiga kicin, a zaunar da ni a ɗaki ana kawo mini abinci a tire. Girkin nan shi kaɗai na iya. In aka karɓe shi, me ya rage mini?"

"Ba mai karɓewa! Wallahi ba mai karɓewa. Amma asibiti kam sai mun je, ni zan kai ki."

Yallaɓai ya dawo ya tarar da su rungume da juna suna kuka, ya tsaya riƙe da murfin mota kamar an dasa shi. Umma da bakinta ta gaya masa komai, sannan ta ɗora da faɗa.

"Kai kuma da ka tambaye ni dalili tun farko maimakon to, to, da ba ka kusa rasa matarka ba, sakarai!"

A gida ya durƙusa gaban Auta ya riƙe hannunta.

"Sori, Auta. Na bar ki ke kaɗai a tsakiya. Daga yau in na amsa miki magana, na amsa ke nan."

"Za mu gani," ta ce, amma ba ta janye hannun ba.

Likita ya ce yanar ido ce, aka yi aiki, Allah ya sa aka dace. Ranar da aka cire bandeji suka dawo gida, kicin Umma ta fara nufa. Ta tsaya ta ƙare wa farin dutsen kallo, ta taɓe baki.

"Wai a kan wannan na tayar muku da hankali? Ashe haka yake da muni!"

Dariya ta kama su har Yallaɓai yana riƙe ciki. Umma ta juyo ta tallafi fuskar Auta da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Ke kuma ashe haka kike da kyau. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Shi ne karo na farko da ta kira ta da haka, kuma daga ranar ba ta sake kiran ta da wani suna ba.

'Yan'uwa, ba kowane taurin kai ne ƙiyayya ba. Sau da yawa babba yana ɗaga murya ne don ya rufe wani rauni da yake jin kunyar a gani. Wanda ya yi haƙuri ya duba da kyau kafin ya yanke hukunci, ya kuma rufa asirin da ya gano, Allah ba ya barin sa haka. Auta ta rasa dutsen da take so, ta samu uwa, mijinta kuma ya koyi tsayawa a kan magana ɗaya.