Tsohuwar Bayan Hoto

Rafia na tsakar gidansu a Ayigya Zango tana tace gasarar koko, sai wayarta ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ta goge hannu a zani ta duba. Fuskarta ta gani a shafin soshiyal midiya na Hasken Zango, kamfanin man bilicin na gidan su Sulley, saurayinta da aka riga aka karɓi goron aurensa. An rubuta KAFIN da manyan baƙaƙe a goshinta. A ƙasa kuma aka ce: "Ga amaryar gidanmu. Kwalba nawa za ta shafa kafin biki? Ku faɗa a komen, wanda ya canka yana da kyauta."

Kamfani dai a baki ne. Ɗaki ɗaya ne da bokitai da ludayi, sai Fareeda, yayar Sulley, wadda ta naɗa wa kanta sarautar manaja. Fuskarta fara sol, gaɓoɓin yatsunta baƙaƙe ƙirin, amma ita ce mai koya wa mata kyau. Shafin ya daɗe a kwance, ko kaza aka ɗora sai ta fi shi samun layik. Ranar nan kuwa ya tashi. Zauna-gari-banzan duniya suka yi dafifi, kowa da datarsa ta bashi, suna ƙirga wa 'yar mutane kwalba.

Ba zagin ne ya fi ƙona Rafia ba. Hoton nan, Sulley ne ya ɗauke shi da hannunsa ranar da ta je gaida mahaifiyarsa, Hajiya Mamuna, ya kuma rantse cewa na idonsa ne shi kaɗai.

Mahaifinta Malam Abass, da yaran makarantarsa suka nuna masa, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "In hoton nan ya kai Juma'a, goronsu zai koma inda ya fito." Rafia ta shige ɗaki ta sha kuka, don tana son Sulley, kuma ta san Malam ba ya magana biyu.

Da la'asar Sulley ya zo ƙofar gida yana sosa ƙeya.

"Sista ce ta ɗauka a wayata, wallahi ban sani ba."

"Ka ce ta cire?"

"Na ce. Ta ce a bari ya ɗan ƙara tafiya. Ingejimen ne kawai, jawo mutane shafi, Rafia, ba da zuciya ɗaya mutane ke yi ba. Oda na shigowa paa, sosai da sosai."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To ka je ka auri odar."

Ƙawayenta suka matsa mata ta shiga komen ta wanke Fareeda tas. Ta ƙi. Ta lura duk wanda ya shiga kare ta, sai Fareeda ta tsokane shi don cacar ta yi tsawo, shafi ya ƙara gaba. Ba za ta zuba wa wutar mai da hannunta ba.

Ranar Alhamis Hajiya Mamuna ta aika a kira ta. Tsohuwa ce baƙa mai fara'a, ba ta karatun boko, kuma abin da Fareeda ta gaya mata shi ne duniya na taya su murnar amarya. Ta miƙa wa Rafia wayar shago tana washe baki.

"'Yata, karanta mini. Fareeda kullum tana kasuwar Adum sayen kwalabe, ba ta zama."

Rafia ta karɓa ta duba. Masu komen sun gaji da ita, sun koma kan wata tsohuwa da ta fito a bayan hoton, zaune kan darduma da carbi. Hajiya ce. Ga dama ta samu har gida: ta karanta kawai, gidan ya kama da wuta. Sai ta dubi tsohuwar da ke jira kamar yarinya ranar sallah, ta hau tura allon da yatsa tana tsallakewa, tana tsinto 'yan addu'o'in da suka maƙale a tsakani.

"Wannan ta ce Allah ya sanya alheri. Wannan ya ce Allah ya kawo zuri'a ɗayyiba."

"Amin, amin. Ci gaba."

Sulley na tsaye a bakin ƙofa, yana kallon yatsan nan yana tsallake goma ya tsaya a ɗaya. Kunya ta rufe shi. Yarinyar da gidansu ya tallata a kasuwa ita ce ke rufa wa uwarsa asiri, shi kuwa ɗan da aka haifa yana lissafin oda. Ya shigo ya karɓi wayar.

"Mma, ki gafarce ni. Ga abin da ta tsallake." Ya karanta: "Tsohuwar bayan nan kwalba ba ta isarta, sai durom. Wani ya ce, buhun gawayi ne aka ɗora wa ɗankwali." Ya kuma karanta mata abin da aka rubuta a goshin Rafia.

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya. Daidai nan Fareeda ta shigo da ledar kwalabe, ta ji ƙarshen maganar.

"Ei, Mma, ba su san ke ba ce koraa, ko kaɗan. Kuma a soshiyal midiya zagi da yabo duk ɗaya ne, komen komen ne."

"Kin gani?" Hajiya ta tambaya a hankali.

"Na gani, amma—"

"Har alamar zuciya ta danna wa komen ɗin gawayin," in ji Sulley, "ta kafe shi a sama don ya ja wasu."

Hajiya ta daɗe tana kallon 'yarta. "Baƙar nan ce ta goya ki," ta ce. Sannan ta juya ga Sulley. "Me kake jira?"

Bai jira ba. Ya goge hoton, Fareeda na ihun an kashe mata kasuwa. Washegari da hantsi Hajiya ta yafa mayafi ta tafi wurin Malam Abass da ƙafarta, Sulley a bayanta. Ya durƙusa a zaure ya ce laifin nasa ne, don ya gani ya yi shiru. Goro bai koma ba.

Masu komen kuwa ko tambaya ba su yi ba. Kafin magariba sun koma kan wani faɗan direban motar haya ta trotro da kwandastansa a unguwar Krofrom. Jama'ar da Fareeda ta sayar da uwarta dominsu ke nan. Duk wanda ya tara mutane da mutuncin wani, ba masoya ya tara ba, 'yan kallo ne, kuma bakinsu ba ya tambayar wace ce uwar mai shafi. Haƙuri da rufin asiri su suka kai Rafia ɗakinta da fuskarta yadda Allah ya yi ta.

Bayan biki Hajiya ta ja ta gefe. "Ranar nan, me ya sa kika tsallake? Ai da kin rama."

Rafia ta sunkuyar da kai. "Ni na riga na karanta nawa, Mma. Na san yadda yake."